Karen Turai Yana da Mai Shi: Jagora ga Ɗan Konni Sabon Zuwa Faransa

Duk ɗan Konni da ka tara da zancen dokar kare a makonsa na farko a Faransa, amsar da zai ba ka ɗaya ce: "Ina ruwana da kare? Neman abinci ya kawo ni." Da gaskiyarsa. Ba wanda ya baro Malbaza ko Tsarnawa ko Badagishiri don ya zo Turai kiwon kare. Sai dai a nan, ko ba ka je wurin kare ba, shi zai zo wurinka. Yana cikin na'urar hawa bene tare da kai da safe, yana bayan ƙofar da za ka ƙwanƙwasa in aikinka kai saƙo ne, yana iya shiga motarka in taksi kake ja. Aikin gadi, wanda ƴan'uwanmu da yawa ke cin abinci da shi, wani reshensa da kare ake yi. Ga yara kuma. Ɗan da aka haifa a Lyon ko Lille, wata rana zai dawo daga lakwal ya ce shi ma kwikwiyo yake so irin na abokinsa. Ta kowace ƙofa abin ya shigo maka, akwai doka a bayansa, kuma "ban sani ba" ba ta fid da kowa a gaban alƙali.

Asalin dokar ba baƙo ba ne gare mu. Kowa a ƙasar Konni da Adar ya san hukuncin dabbar da ta shiga gona. In shanu suka faɗa cikin hatsi kafin ranar da hukuma ta tsaida ta sakin gonaki, ko awaki suka ratsa fadamar albasa a Galmi, mai su ake nema. A je gaban maigari, in ta gagara a wuce fada, a ƙiyasta ɓarna, a biya. Dokar karkara ta 1993 ta tabbatar wa sarakuna wannan hurumi na sasantawa kafin magana ta kai kotu. Tun kafin ita ma, almajirin da ya sauke Risala a zaure ya san ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana wuyan masu su, ta rana kuwa ba a biya, don tsaron rana na mai gona ne.

Kare ne kaɗai muka cire daga wannan lissafi. Saniya dukiya ce, da mai ita, da shaidarta a jiki. Mafarauci ya san karnukansa ɗaya bayan ɗaya, makiyayi ma haka, mai lambu ya san wanda ya ɗaure a bakin rijiya. Amma karen unguwa, mai kwana ƙarƙashin teburin mahauta yana cin tuwon gida uku, ranar da ya ciji yaro sai a nemi mai shi a rasa. Malaman Malikiyya sun daɗe da cewa mai kare mai cizo, in an gargaɗe shi bai ɗau mataki ba, abin da karen ya ɓata yana kansa. Hukunci yana nan. Wanda za a ɗora wa ne ake rasawa, kuma wannan ɓarakar ce Turawa suka toshe: kowane kare yana rataye da sunan wani mutum da adireshinsa.

Aya ɗaya da ta isa ta talauta mutum

Aya ta 1243 ta kundin dokokin farar hula na Faransa gajeriya ce. Mai dabba, ko wanda take hannunsa yana amfani da ita, shi ke ɗauke da alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana gabansa, ko ta ɓace, ko ta tsinke igiya ta gudu. Tun 1804 take nan. Kafin 2016 lambarta 1385 ce, kuma da wannan lambar take cikin kundin da Nijar ta gada daga Faransa, wato lauyan Yamai ma ya san ta. Bambancin shi ne a nan ana aiki da ita kullum.

Ka lura da abin da babu a cikinta. Babu dare, babu rana, babu gargaɗin farko. Wanda aka cuta ba sai ya nuna ka yi sakaci ba. Karen da bai taɓa yi wa kowa haushi ba, cizonsa na farko ma biya ne. Ba ma sai ya yi cizo ba: ya ratsa titi mai babur ya kauce ya faɗi, ko ya ɗane tsohuwa da wasa ta zube ta karye a ƙugu. Kuɗin asibiti, albashin watannin da mutum ya yi a kwance, diyyar naƙasa in ta samu, duk kanka za su biyo, kuma asusun lafiya na gwamnati da ya biya wa majinyacin magani yana da ikon ya dawo ya karɓi kuɗinsa a wurinka. In aka yi rashin sa'a karen ya yi kisa, magana ta tashi daga diyya ta koma laifi: ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar yuro 75,000.

Kalmar nan "wanda take hannunsa" ita ke kama mutanenmu, saboda kunya da kara. Maƙwabci ya saba da kai, ya ce zai yi tafiyar mako uku, ka riƙe masa karensa. Ka ji nauyin cewa a'a. To, kotu na iya ɗaukar ka a matsayin mai tsaron karen a tsawon wannan lokaci. Kafin ka karɓi igiyar, ka tambayi inshorarka.

Inshora ita ce garkuwar. Duk ɗan haya a Faransa dole ne ya yi inshorar gida, kuma yawancin irin wannan kwangila tana ɗauke da sashen da ke biyan ɓarnar da kai ko ƴaƴanka ko dabbarka kuka yi wa wani. Amma kada ka yi zato, ka karanta, in Faransancinka bai kai ba ka sa a karanta maka. Kamfanoni da yawa suna cire karnukan da doka ta kira masu haɗari, suna cire karen da ake aiki da shi, wasu kuma sai ka sanar da su akwai kare a gidan.

In ka yanke shawarar ajiye shi

Takarda tana farawa tun karen bai shigo gida ba. Daga 1 ga Oktoba 2022, mai son karɓar kare karon farko, saye ko kyauta, sai ya sa hannu a takardar alkawari cewa ya san bukatun dabbar da abin da za ta ci masa, sannan ya jira kwana 7 kafin a miƙa masa. Ba a ba da kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Yaro ba ya saye sai da yardar iyaye. Tun Janairun 2024 kantunan dabbobi ba su da izinin sayar da kare, saura masu kiwo da gidajen marayun dabbobi irin na SPA, ƙungiyar da aka kafa tun 1845.

Sai shaida. Likitan dabbobi yana cusa ƴar na'ura kamar ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fatar wuyan kare ta hagu, mai lamba 15, a shigar da lambar da sunanka a rajistar ƙasa da ake kira I-CAD. Wajibi ne ga duk karen da ya wuce wata 4, kuma wanda ya ba ka karen shi ne zai yi kafin ya ba ka. Rashin yi tara ce da za ta iya kai yuro 750, kusan jika 492 na sefa. In ka tashi daga gida ko ka sake lambar waya, ka gyara a rajistar. In ka ba wani karen, ka tabbata an cire sunanka, in ba haka ba duk abin da ya yi ƙofarka za a fara bugawa.

Za ka haɗu da mai sayar da kwikwiyo a bayan mota, a rabin kuɗi, babu takarda. Araha ba ta ado. Ban da rashin rigakafi, akwai tarkon da ba ya bayyana sai bayan watanni, kuma don ka gane shi sai ka san dokar 6 ga Janairu 1999. Ita ta kasa karnuka masu haɗari gida biyu. Rukuni na biyu su ne masu gadi irin su Rottweiler, da American Staffordshire da Tosa masu takardar asali. Ana iya ajiye su, amma da sharuɗɗan da dokar 20 ga Yuni 2008 ta ƙara tsaurarawa: izini daga ofishin magajin gari, wato meri, horon awa 7 ga mai karen, gwajin hali wurin likita tsakanin wata 8 da wata 12, rigakafin haukan kare, inshora ta musamman, da takunkumi da igiya duk inda jama'a suke. Rukuni na farko kuwa, irin su pitbull da boerbull, an hana sayensu, an hana kyautarsu, an hana shigo da su ƙasar. Wanda ya karya yana fuskantar wata 6 a kurkuku da tarar yuro 15,000.

Tarkon shi ne, rukuni na farko da siffa ake gane shi: faɗin kai, ƙirar muƙamuƙi, tsayi, nauyi, a jikin karen da ba shi da takardar asali. Kwikwiyon da aka ce maka ruwa-biyu ne, sai ya girma likita ya duba ya ce ya faɗa rukuni na farko. Daga nan sai fiɗiya dole, ba shiga bas ko jirgin ƙasa, ba shiga wuraren jama'a, kuma mai gidan haya yana da ikon ya hana. Matasanmu da suka tashi a unguwannin bayan birni suna sha'awar irin waɗannan karnuka don a ji tsoronsu. Uba ya sani cewa wanda bai kai shekara 18 ba doka ba ta ba shi izinin riƙe ko ɗaya daga rukunan biyu ba, don haka sunan babba ne zai hau takardar. Ga baƙo kuma kowane hukuncin kotu yana da wutsiya: yana fitowa ranar sabunta takardar zama, kuma ɗaurin wata 6 ko fiye wanda ba na jeka-ka-gyara-halinka ba yana rufe ƙofar samun takardar ɗan ƙasa.

Na yau da kullum ba su da wuya, yawa ne da su. Magajin gari ke tsaida inda igiya ta zama dole, kuma a yawancin birane ko'ina ne a kan titi. Karen da ya yi nisan da ba ya jin kiranka, ko ya wuce mita 100 daga gare ka, ya zama mai yawon banza a idon doka; a kama shi a kai gidan tsare dabbobi, kana da ranakun aiki 8 ka biya ka fanshe shi, in sun wuce ya fita hannunka. A daji, daga 15 ga Afrilu zuwa 30 ga Yuni, lokacin haihuwar namun dawa, sai da igiya in za a sauka daga kan hanya, wannan kuwa ya kashe zancen sakin kare ya kamo zomo kamar a dajin Adar. Kashin kare a titi kai za ka duƙa ka kwashe da leda, in ka bari tara tana kai yuro 135. A 2023 garin Béziers har gwajin ƙwayoyin halitta ya ɓullo da shi don gano mai kashin. Wanda ya ga wannan duƙawar ta fi ƙarfin girmansa, ya riga ya samu amsar ko ya dace ya ajiye kare.

Dutse, sanda da ɗaurin rana

Wannan ɓangaren ne ya fi ba sabon zuwa mamaki, domin dokar ba ta tsaya ga kare mutane daga kare ba, tana kare shi ma daga mutane. Tun 2015 kundin farar hula ya ayyana dabba a matsayin mai rai mai jin zafi, ya raba ta da sauran kaya. Dokar 30 ga Nuwamba 2021 ta ɗaga hukuncin azabtar da dabba zuwa shekara 3 da yuro 45,000, wato sama da miliyan 29 na sefa, in ta mutu kuma shekara 5 da yuro 75,000.

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu, da kare ya nufo shi jikinsa ke duƙawa neman dutse tun kafin ya yi tunani. Sai ka horar da hannunka, ka horar da yaranka. Jifa, shuri, duka da sanda, a nan akwai mai ɗauka da waya daga taga, kuma ƙungiyoyin kare dabbobi suna da lauyoyi da ikon shiga ƙara. In kare ya nufo ka, ka tsaya cak, ka sauke hannu, ka kawar da ido, ka ce wa mai shi ya riƙe abinsa. Yana da haƙƙin yawo da karensa, kai ma kana da haƙƙin kada ya taɓa ka, kuma faɗin haka cikin ladabi ba laifi ba ne. Yanke wa kwikwiyo kunne, da wasu ke yi a gida, haramun ne a nan tun 2004. Ɗaure kare ma da ƙa'ida: igiyar turke kada ta gaza mita 3, da inuwa, da ruwa. Wanda aka kulle a baranda dare da rana, ko a mota lokacin zafi, ƴan sanda na iya fasa gilashi su fitar da shi.

Yasar da kare hukuncinsa ɗaya da azabtarwa. Ka yi tunanin wannan da kyau, ɗan'uwa, domin mu ba masu hutun mako ɗaya ba ne. In mun tashi zuwa gida wata biyu ne, ga Sallah, ga biki, ga gaisuwar rasuwa a Illela da Dogerawa. Wa zai riƙe karen? Gidan ajiyar karnuka kuɗi ne kowace rana, kuma a watan Yuli da Agusta cike suke. Wanda ya kai shi bakin daji ya sake, na'urar wuyansa za ta faɗi sunansa. In riƙon ya gagara, hanyar halal ita ce ka kai shi gidan marayun dabbobi, ka sa hannu, ka biya abin da suka yanka. A ganina, mai ɗaki ɗaya da aikin dare da iyali a gida suna jiran aike, kare ba nasa ba ne, ko yara sun yi kuka.

Masu gadi su ƙara kula. Gadi da kare yana da ɗan ƙarin kuɗi, shi ya sa yake jan mutane. Amma sai da katin sana'a daga hukumar CNAPS, kuma lambar karen da za ka yi aiki da shi tana rubuce a jikin katin. Tun dokar Mayun 2021, wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya shekara 5 da takardar zama kafin a ba shi katin. Ma'ana, sabon zuwa ba shi da hanyar halal zuwa wannan aiki. Za a sami mai ce maka ga katinsa ga karensa, ka kwana masa a wurin gini ku raba kuɗin. Daren da karen ya kama wani, ɓarawo ne ko mashayi, kai za a tarar da igiya a hannu, da katin da ba naka ba, da inshorar da ba ta san da kai ba.

Ranar da aka yi cizo

A gida, karen da ya ciji mutum sau da yawa ba ya kwana, matasa sun bi shi da sanduna. A Faransa kashe shi laifi ne. Dole mai shi ya sanar da meri, ya kai shi wurin likitan dabbobi sau uku: cikin awa 24, ranar 7, da ranar 15. A tsawon kwanakin ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a kashe shi sai da izini. Dalilin na lafiya ne. Kare mai ciwon hauka yana fara zubar da ƙwayar cutar a yawunsa ƴan kwanaki kaɗan kafin alamu su fito, don haka in ya cika kwana 15 garau, an tabbata ba ya ɗauke da ita ranar da ya yi cizon. Wanda ya kashe karen ya binne ya binne amsar da likita ke bukata. Bayan haka akwai gwajin hali, kuma magajin gari na iya tilasta wa mai shi horo, ko ya sa a ƙwace karen.

In kai aka ciza, ko ɗanka, kada kara ta sa ka ce ba komai. Ka wanke, ka je asibiti a ranar, ka karɓi takardar likita mai bayanin raunin, ka ɗauki hoto, ka rubuta sunan mai karen da kamfanin inshorarsa da lambar wanda ya gani. In ya ƙi bayarwa, komisariya tana nan. Masu kai saƙo a keke su ne suka fi gamuwa da wannan, kuma su ne suka fi yin shiru.

Haushin karen maƙwabci kuwa, ka san cewa dokar 9 ga Yuli 1970 ta soke duk sharaɗin haya da ke hana ajiye dabbar gida, ban da rukuni na farko. Ba za ka sa a kore shi don yana da kare ba. Amma haushin da ya hana barci damuwa ce da doka ta sani. Ka fara da magana, sannan wasiƙa, sannan mai gidan haya ko mai kula da benen, sannan mai sasantawa na kotu da ke zama a meri, wanda ba a biyansa ko sisi.

Karen makaho

Direban taksi yana iya ƙin ɗaukar karen kowa, ban da guda: karen da ke yi wa makaho ko naƙasasshe jagora. Wannan yana shiga taksi, bas, kanti, gidan abinci, har shagon mahauci, ba takunkumi, ba ƙarin kuɗi. Ƙin ɗaukarsa a Faransa tara ce har yuro 450, ban da abin da kamfani irin Uber zai yi wa asusunka. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta sa tarar ta kai fam 1,000, kuma hukumar gari na iya karɓe lasin tuƙi. Takardar likita kaɗai ke ba direba uzuri. Amurka ma ta hana ƙin ɗaukar irin wannan kare tun dokar naƙasassu ta 1990. Direbobi Musulmi da dama sun rasa aiki a kan wannan, suna ganin addini suke karewa. Ka tambayi malaminka kafin ranar ta zo. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai. Shafi'iyya ce ta tsananta. Ka ajiye tsohon bargo a bayan mota, ka shimfiɗa a ƙasa, karen ya kwanta a ƙafar mai shi. An horar da shi ya yi hakan, ba zai kula ka ba, kai ma kada ka taɓa shi ko ka ba shi abinci.

Wanda ya wuce wata ƙasa zai tarar da ginshiƙan ɗaya ne, ado ne ya bambanta. A Beljiyam ana yi wa kwikwiyo rajista a DogID kafin mako 8. A Jamus kare yana biyan haraji, a Berlin yuro 120 a shekara ga na farko, kuma a Berlin da Hamburg inshora dole ce ga kowane kare. A Ingila na'urar shaida ta zama wajibi tun Afrilun 2016, nau'in XL Bully ya shiga jerin haramtattu a ƙarshen Disambar 2023, kuma mai karen da ya kashe mutum, ko a cikin gidansa ne, yana iya shan shekara 14. A New York sai da lasin kare, igiya kada ta wuce ƙafa 6, kashi kuma tarar dala 250. A Amurka kowace jiha da kowane gari da nasu, don haka ɗan Nijar da ke Greensboro kada ya yi aiki da abin da na Bronx ya faɗa masa.

Tsakanin nan da gida

Dogon karen nan siriri na Buzaye, wanda ake gani a bayan raƙuma a arewacin Tahoua, a Turai sunansa Azawakh, da sunan kwarin Azawak. Tun shekarun 1970 aka fara kai shi, yanzu yana da masu kiwo da takardun asali da gasa. Shi ya sa lokaci-lokaci wani ke tunanin ya ɗauko kwikwiyo daga gida ya sayar. Ga abin da Tarayyar Turai ke nema ga karen da ya fito daga ƙasa irin Nijar ko Najeriya: na'urar shaida tukuna, sannan rigakafin hauka bayan ya kai mako 12, sannan a jira kwana 30 a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, sannan a ƙara jiran wata 3. Kafin a gama ya kai wata 7. Amurka ma tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba, kuma ƙasashenmu biyu suna cikin jerin masu haɗari. Wanda ya ɓoye kwikwiyo a jaka, a filin jirgi za a karɓe, ko a mayar, ko a tsare da kuɗinsa, ko a kashe.

Tsananin yana da tushe. Faransa ta rabu da haukan kare tun 2001, duk wanda aka gani bayan nan asalinsa daga waje yake. A Agustan 2004 kwikwiyo ɗaya da aka shigo da shi a ɓoye daga Maroko ya mutu da ciwon a yankin Bordeaux, hukuma ta yi makonni tana neman duk wanda ya taɓa shi a jihohi uku. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

Nan ne haɗarin ya juyo kanmu. Yaron da ya tashi a Faransa ya saba kowane kare abin shafawa ne, mai rigakafi, mai suna. Ka kai shi Konni hutu, ya ga kwikwiyo a bakin kasuwa, zai miƙa hannu. A 2017 wani yaro ɗan shekara 10 ya rasu a Lyon bayan kwikwiyo ya cije shi a hutun da suka je Siri Lanka. Raunin ƙarami ne, ba a yi masa allura ba. Ciwon yakan yi wata 2 zuwa 3 yana kwance a jiki, wani lokaci har shekara, kuma da alamu sun fito babu magani a Yamai, babu a Paris. Kafin tafiya ka tambayi likita game da rigakafin matafiya, ka kuma ja wa yara kunne cewa ko yaƙushi ne su faɗa, ba za a yi musu faɗa ba. In abin ya faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, kada a ɗaure, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran a ga halin karen. A nemi allura a ranar, in babu a Konni a wuce Tahoua ko Yamai ko a tsallaka Sakkwato. A karɓi takardar da ke nuna irin allurar da ranakun da aka yi, domin guda ɗaya ba ta isa. In kun dawo kafin a kammala, ko ba a samu an yi ba sam, ka nufi cibiyar rigakafin haukan kare mafi kusa, irin ta Institut Pasteur a Paris, ko da raunin ya riga ya warke.